Abin Sha Mai Ɗumi a Hunturu: Daga Kunun Gyaɗa Zuwa Zoɓon Biki

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

   

Hunturu ya kankama. Iskar nan ta arewa maso gabas, wadda ke ratso Sahara ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ita ke lulluɓe mu da hazo tun daga ƙarshen Nuwamba, kuma ba ta sakinmu sai wajen Fabrairu ko farkon Maris. A Kano da Katsina da Damagaram akwai daren da ma'auni kan sauka kusa da digiri 10, mutanen Jos da Mambila kuwa sun san abin da ya fi haka. A daidai wannan lokaci ne kuma hidima ke yawaita. Amfanin gona ya shigo gida, 'yan makaranta sun samu hutu, ana ɗaurin aure, ana walima, 'yan'uwanmu Kirista suna shirin Kirsimeti da sabuwar shekara. Azumi ma, da yake yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ya fara shigowa cikin sanyi, domin farkon na shekarar 2026 a watan Fabrairu ne.

Saboda haka yau za mu yi magana a kan abin da za mu sha, da abin da za mu ba baƙi. Ni dai ra'ayina a fili yake: abin da uwargida ta haɗa da hannunta, da gero da gyaɗa da tsamiya da zoɓon kasuwarmu, ya fi duk wani garin leda ko lemon kwalba dacewa da wannan yanayi. Sharaɗin guda ne, ta san abin da take zubawa a tukunya.

Mu fara da jikin kansa. A hunturu danshin iska kan ragu ƙwarai, wani lokaci ya yi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Duk numfashin da ka fitar da ruwa yake tafiya, fata ma tana bushewa. Amma sanyi yana danne ƙishirwa, sai mutum ya wuni bai nemi randa ba, don ruwan ma ya yi sanyin da haƙori ba ya so. Nan leɓe ke tsagewa, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, yara su yi ta haɓo. Amfanin farko na abin sha mai ɗumi shi ne yana sa ruwa ya shiga jiki ba tare da an tilasta wa kai ba. Na biyu, ɗumin da tururin suna sassauta majina, suna kwantar da maƙogwaro. Sai dai kada a ɗauke shi maganin mura. Mura ƙwayar cuta ce da kan yi kamar mako guda ta wuce. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, asibiti za a kai shi a ranar, ba a tsaya dafa citta ba.

To, kunun gyaɗa. Na fara da shi don a ganina babu kamarsa da safiyar sanyi. Uwargida, ki auni ɓararriyar gyaɗa gwangwani 2, ki baza ta a faranti, ki tsince ta da idon basira. Za mu dawo kan wannan tsinta. Ki ɗan gasa ta sama-sama a kasko, ba don ta soyu ba, don dai jan ɓawon ya saki. Ki murje, ki fece, ki jiƙa, sannan a markaɗa ta da laushi. In kin tace da kyalle mai tsabta za ki ga ruwa fari tas ya fito, shi ne madarar gyaɗa. A gefe guda kin riga kin jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 1, an markaɗa ta ta zama ƙullu. Ki ɗora madarar a wuta, kuma kada ki bar wurin, domin da ta fara tafasa kumfa ke tasowa, kafin ki juya ta malale a murhu. Ki riƙa juyawa da ludayi har gafin gyaɗar ya fita, ƙamshi ya canja. Sai ki rage wuta, ki tsiyaya ƙullun a hankali da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana damawa. Za ki ji ludayin ya fara nauyi. Daga nan ki sauke, sannan ki kawo ruwan tsamiya ko na lemon tsami ki zuba kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. Mata da yawa sun fi son zuba tsamin bayan an sauke, don kada kunun ya tsinke. Wasu kan dafa 'yar shinkafa ko alkama daban su watsa a ciki don a samu abin taunawa. Wannan kofi guda yana ɗauke da mai da sinadarin gina jiki daga gyaɗa, ga ƙarfi daga shinkafa. Ɗan makarantar da ya sha shi da ƙosai zai kai azahar bai yi hamma ba.

Maganar tsinta kuwa, ga dalilinta. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba aka zuba ta a buhu, ko aka ajiye ta inda danshi yake, takan yi fumfuna. Wannan fumfuna tana fitar da guba da masana ke kira afalatokzin, wadda ke lahanta hanta, tana kuma daga cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta in an daɗe ana ci. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, tafasa ba ta kashe wannan guba. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar. Kada a ce asara ce, kada kuma a ba kaji ko awaki, don tana cutar da su su ma.

Kunun tsamiya ba sai na koya wa kowa ba. Gero ne a surfe, a wanke, a shanya, a niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a dama da tafasasshen ruwan tsamiya, mai son gaya ya yi gaya. Kayan yajin nan su ke sa ka ji gumi ya tsatso maka a goshi ko da ana muku-mukun sanyi. Yawancin cittar daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko, kuma wanda ke cefane ya tuna yadda ta yi tsada bayan cutar da ta afka wa gonakinta a 2023. Mai gyambon ciki dai ya sassauta yaji da tsami.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne kunun kanwa. Ina roƙon iyayenmu da kakanninmu su saurare ni da kunnen rahama, domin na san da ƙauna ake dama wa mai jego shi. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin nan na cikin gishiri wanda likita ke ce wa mai hawan jini ya rage. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, ruwan kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa da ciwon zuciya 'yan makonni bayan haihuwa. Da suka bi diddigi sai suka ga alaƙa tsakanin ciwon da yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Macen da ta haihu zuciyarta ta riga ta yi aikin wata tara. A ce kullum safe da yamma ana ɗura mata kanwa har kwana arba'in, nauyin ya yi yawa. A dama mata kunun gyaɗa, a dama mata na tsamiya, a ba ta nama da ganye. In kuwa aka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, to ba sanyi ne ya kama ta ba, a garzaya da ita asibiti. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su ma kanwa ba tasu ba ce.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna magana a kan abin sha mai ɗumi a lokacin hunturu. Bari mu leƙa teburin mai shayi.

Babu unguwar da ba ta da shi, kuma a wannan yanayi shi ne sarkin asuba. Muna da namu ganyen da ake nomawa a Kakara, can kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ga kuma wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Shayi a kansa ba shi da laifi. Abin da ake loda masa ne abin dubawa. Ka ce a yi maka haɗin kauri, a zuba madarar gwangwani mai zaƙi, a zuba garin koko wanda shi ma da sukarinsa, sannan a kawo sukari cokali uku ko huɗu a ɗora. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da babban mutum zai sha a wuni kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a 6 ya fi masa. Lissafin ya haɗa da na kunu, da na shayi, da zuma, da na lemon kwalba, wanda guda ɗaya kan ɗauki kusan cokali 9. Kofi ɗaya na haɗin kauri yana iya cinye rabon wunin kaf tun rana ba ta fito ba. Ba na cewa a sha shayi salam. Ka rage cokali guda wannan makon, bayan mako biyu ka sake rage guda. Harshe yana sabawa, kuma in ka jefa ɗanyar citta da na'a-na'a ko ɗan kirfa a butar, ƙamshin kan rufe gurbin zaƙin.

Sai zafi. Akwai masu alfahari da cewa su daga wuta sai baki. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Laifin na zafin ne, ko shayi ne ko kunu ko ruwa zalla. Ba ka bukatar ma'auni. In sai ka hura kafin ka kurɓa, in leɓenka na gudun kofin, to ajiye shi minti huɗu ko biyar.

Abu na uku ya fi shafar mata masu ciki da 'yan mata da yara. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai bauri da ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, shi kuwa ƙarfen nan da shi jiki ke yin jini. Wadda aka ce jininta ya yi ƙasa a wajen awo, ta raba shayi da abinci, ta bar kamar awa guda a tsakani, kuma kada ta kora ƙwayar ƙarin jini da shayi.

Ba zan bar maganar shayi ban ambaci na Buzaye ba, wanda ya bazu har ya zama abokin hira a kowace fada a Nijar da kowace majalisa a Najeriya. Ka dubi mai dafa shi. 'Yar buta ce mai fenti a kan ɗan murhun waya, gawayi bai fi cikin tafi ba. Ya zuba koren ganyen da ake kawowa daga ƙasar Sin, ya bar shi ya yi ta ɓararraka har ruwan ya yi duhu. Ya sa sukari, ya ɗaga butar sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta tsaya a bakin kowane kofi. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya: na farko ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku ya zama ruwa-ruwa mai zaƙi. Ina son wannan al'ada saboda ba a yin ta da gaggawa, kuma ba a yin ta mutum ɗaya. Amma samari, na farkon nan yana da ƙarfin hana barci da sa bugun zuciya, kada a mai da shi abincin dare.

Ga gargaɗin da ya fi duk na baya gaggawa. Saboda sanyi, sai a shigo da murhun gawayi ko kaskon wuta cikin ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, ana dafa shayi ana jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ana rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya. A dafa a waje ko a zaure mai iska, a zuba a fulas a shigo da shi. Kada a kwana da garwashi a ɗaki ko da ya yi kamar ya mutu. Fulas ɗin ma a ɗora shi inda hannun mai rarrafe ba ya kai, domin ƙunar ruwan zafi ta fi yawa a irin wannan lokaci. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ba shayi ba ruwan ɗumi. Wanda bai cika shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙa ba.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu sai abin shan biki, kuma a nan zoɓo ne zakara.

Mun saba ɗaukar zoɓo abin sanyi, na ƙulli a leda ko a gora da ƙanƙara lokacin bazara. Amma a Masar da Sudan, inda ake kiransa karkade, da zafinsa ake shan sa in sanyi ya shigo, kamar yadda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suka sani. A tsibirin Jamaika, Kirsimeti ba ta cika sai da zoɓon da aka jiƙa da citta da kayan ƙamshi, kuma masana tarihi da dama na ganin daga Afirka ta Yamma shukar ta je can a zamanin cinikin bayi. Wanda ya fi burge ni shi ne na Meziko. A darare tara kafin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, unguwanni kan taru gida-gida, a ɗora babbar tukunya a dafa abin da suke kira ponce. Ku ji kayan haɗin: gwaiba, rake da aka tsaga siri-siri, tuffa, kirfa, tsamiya, zoɓo, da wani dunƙulen sukarin rake mai ruwan ƙasa wanda mu mazarƙwaila muka san shi. Ana zuba shi da zafi a kofin yumɓu, da 'ya'yan itacen a ciki. Wani ɓangare na zoɓon da mutanen Meziko ke sha daga gonakin Jigawa yake fita, ya bi ta kasuwanni irin su Maigatari, ya hau mota zuwa Legas, ya shiga jirgin ruwa. Kayan duk namu ne, suna nan a kasuwar ƙauye.

To ga yadda za ki yi wa baƙi kamar 15. Ki samu busasshen zoɓo gwangwani 3, mai duhun ja. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi da hanzari don yashi ya fita, kada ki bar shi ya jiƙa, launin zai gudu. Ki wanke abarba guda tas tun kafin ki fere, domin ɓawon za ki dafa. Ki zuba ruwa lita 4 a tukunya, ki sa zoɓon da ɓawon abarbar, da ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu a daddake, kanumfari 10, da sandar kirfa guda. In akwai rake, ki fere gaɓa biyu ki tsattsaga ki jefa. Ki bar shi ya tafasa, sannan ki rage wuta ya yi minti 20 zuwa 25. Ki tace, ki mayar kan wuta kaɗan, ki narka mazarƙwaila a ciki, ko dabinon da kika jiƙa kika markaɗa. Ki sani su ma zaƙi ne, suna cikin lissafin da muka yi ɗazu. Sai kin sauke za ki matse lemon zaƙi 4 ki zuba, ki yanka naman abarbar da gwaiba ƙanana ki watsa. Ki kai shi gaban baƙi da ɗuminsa, da ludayi a ciki, kowa ya ga 'ya'yan itace suna yawo a jan ruwa. Wallahi ba wanda zai tambaye ki lemon kwalba.

Abu biyu game da tukunyar. Wasu kan jefa kanwa don kashe tsami. Za ki ga nan take jan ya dushe ya koma baƙi-baƙi, ga kuma sodiyam ɗin da muka yi magana. In tsamin ya yi yawa, ƙara ruwa ya fi. Sannan abu mai tsami yana cin tukunyar alminiyam, musamman ta zubi wadda aka narka tarkacen ƙarfe aka yi. Ki dafa zoɓo da tsamiya a tukunyar silba ko ta ƙasa, kuma kada su kwana a ta alminiyam. Bincike ya nuna zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan magani ya gaya wa likitansa in yana yawan sha, kuma kada ya ajiye maganin ya ce zoɓo ya wadatar. Mai ciki ta tambaya a wajen awo kafin ta mai da shi na kullum.

Me ya sa nake nacewa a kan lemo na gaske da tsamiya ta gaske? Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da amai da fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Binciken hukumomin lafiya da na NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ya kai ga garin lemon da wa'adinsa ya ƙare, da wani sinadari da aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Masu haɗa abin sha ba da mugunta suka saya ba, araha suka gani. Duk farin garin da aka ƙulla miki a leda, babu suna, babu lambar hukuma, babu ranar ƙarewa, kada ya shiga tukunyar da mutum ɗari za su sha. Haka gorunan da ake tsintowa a bola ko a wajen taro, ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san abin da aka taɓa zubawa ba. In za a ƙulla, a sayi sababbi. Kuma zoɓo da kunun zaƙi ba sa jure ajiya in babu firji. A yi su ranar da za a sha. Gorar da ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe, ko abin ciki ya fara kumfa da kansa, ya fara rikiɗa ke nan, a zubar.

Wannan ya kawo ni kan giya, don a wasu ƙasashen da na ambata manya kan tsiyaya barasa a cikin irin wannan haɗi, a kasuwannin Kirsimeti na Jamus kuma jan ruwan inabi mai sa maye ake dafawa da kirfa da kanumfari. Ɗalibanmu da 'yan kasuwa da ke zuwa can su tambaya kafin su karɓa, akwai wanda ake yi na yara da ruwan 'ya'yan itace zalla. Kada a ce maka ai an dafa, giyar ta ƙone. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun nuna bayan minti 15 a kan wuta kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa guda ma akwai kusan kashi 25. Ga Musulmi hukuncin a bayyane yake. Ga wanda kuma addininsa bai hana shi ba, ina so ya san cewa zancen giya na maganin sanyi ba gaskiya ba ne. Abin da take yi shi ne buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji zafi a fuska da hannu, alhali zafin cikin jikinsa fita yake yi. Kamar ka hura wuta a ɗaki ne ka wangale ƙofa: na bakin ƙofa zai ji ɗumi, ɗakin kuwa hucewa yake. Shi ya sa a ƙasashe masu ƙanƙara ake tsintar wanda ya bugu ya kwanta a waje sanyi ya kashe shi. Mai gadi da ɗan acaba da direban dare, kofin kunu ya fi muku.

Akwai kuma haɗin da ya fi damuna, wanda ke yawo a tsakanin 'ya'yanmu a wuraren biki: lemon kwalba ko zoɓo da aka tsiyaya wa maganin tari mai kodin, ko aka narka wa ƙwaya. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma abin bai ɓace daga unguwanni ba. Irin waɗannan magunguna suna rage saurin numfashi, in an yi yawa ko an gauraya su da wani abin maye numfashin kan tsaya gaba ɗaya. Gorar kuwa ba ta da bambanci da ta kowa a ido. 'Yan mata, ƙannena, kada ki karɓi gorar da aka riga aka buɗe daga hannun wanda ba ki sani ba, kuma in kin ajiye kofinki kin tashi, kada ki dawo ki ci gaba da sha. Maigida mai biki, ka sa wani babba mai amana a kan abin sha tun daga tukunya har zuwa rabo. In aka ga wani ya faɗi a taro, ba ya amsa kira, numfashinsa na ja a hankali, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, kada kuma a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a nemi mota zuwa asibiti, a tafi da gorar da ya sha don likita ya gani.

Lokaci ya cim mana, jama'a.  Allah ya ba mu lafiya, ya sa a yi bukukuwa lami lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)